Gasar CPL da Farfaɗo da Wasan Kurket a Yankin Karibiyan

A shekarun 1970 da 1980 babu mai ja da West Indies a wasan kurket. Wannan suna ba na ƙasa ɗaya ba ne, ƙungiya ce da ta haɗa tsibiran Karibiyan da Ingila ta taɓa mallaka, irin su Jamaika da Barbados da Tirinidad, tare da Guyana da ke gaɓar Kudancin Amurka. Sun ci kofin duniya a 1975 da 1979 ƙarƙashin Clive Lloyd, kuma daga 1980 zuwa 1995 babu ƙasar da ta doke su a jerin dogon wasan nan na kwana biyar. Daga nan abubuwa suka soma lalacewa. Hukumar wasan ta rasa kuɗi, rigimar albashi tsakaninta da 'yan wasa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, matasa suka karkata ga ƙwallon ƙafa da tsere, filaye suka zama wayam.

Wanda ya fara gwada magani shi ne Allen Stanford, attajiri ɗan Amurka mazaunin Antigua. A 2006 ya shirya gasar gajeren wasa, wanda kowane ɓangare ke samun jifa 120 a gama cikin awa uku, ya sa dala miliyan ɗaya ga zakara, Guyana ta ɗauka. Ƙarshensa sananne ne: asirin damfararsa ya tonu a 2009, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 110. Sai dai kafin ya faɗi ya riga ya nuna cewa mutanen yankin ba su daina son wasan ba. In an buga shi da dare ƙarƙashin fitilu, da kiɗa, har mata da yara za su cika fili.

A kan wannan darasi aka kafa gasar Caribbean Premier League, wadda aka fi sani da CPL, a 2013. Hukumar kurket ta yankin ta ba 'yan kasuwa lasisi, Ajmal Khan na kamfanin Verus International ya jagoranci aikin, kamfanin sadarwa na Digicel ya tsaya musu. Waɗannan mutane sun cancanci yabo, domin sun zuba dukiya a lokacin da kalmar "attajiri mai son kurket" ta zama abin tsoro a yankin. Sun kuma kauce wa kuskuren na baya. Maimakon komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya a fili ɗaya, sai suka kafa kulob shida masu zaman kansu a Antigua, Barbados, Guyana, Jamaika, Saint Lucia da Tirinidad, kowanne da filinsa da magoya bayansa, ana zaɓen 'yan wasa ba tare da duba tsibirinsu ba. Wannan ya ɓata wa wasu rai, musamman da aka ba Kieron Pollard, ɗan Tirinidad, shugabancin kulob ɗin Barbados, amma a 2014 da ya kawo musu kofi ƙorafin ya lafa. Kofin farko kuwa Jamaica Tallawahs ta Chris Gayle ce ta ci a birnin Port of Spain.

Shekarun da suka biyo baya su ne na tashe. A 2015 kamfanin jarumin finafinan Indiya Shah Rukh Khan ya sayi hannun jari a kulob ɗin Tirinidad, wanda ya koma Trinbago Knight Riders, masu kallo daga Indiya suka biyo. A 2016 West Indies ta ci kofin duniya na gajeren wasa a Kolkata, inda Carlos Brathwaite ya cilla ƙwallo huɗu a jere waje da fili. A 2020, annobar korona ta rufe ko'ina, amma aka killace 'yan wasa a Tirinidad aka buga gasar ba ɗan kallo ko ɗaya, Trinbago ta ci wasanninta 12 duka. Wanda ke son ganin abin da gasar ta zama a zukatan jama'a ya dubi filin Providence na Guyana a Satumbar 2023. Guyana ta sha kaye a wasan ƙarshe har sau biyar, sai a wannan daren ta tsayar da Trinbago a maki 94 kacal. Kyaftin ɗinta Imran Tahir, haifaffen Pakistan mai shekara 44 da farin gashi a gemu, ya ɗaga kofi a gaban jama'ar da suka shekara goma suna jira.

Masu suka suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Suna cewa West Indies ta kasa samun gurbi a kofin duniya na 2023, cewa Ostireliya ta gama da ita a maki 27 a Jamaika cikin 2025, cewa Nicholas Pooran ya bar buga wa yankin wasa yana da shekara 29 don ya bi gasannin kuɗi. Duk gaskiya ne, amma ba CPL ce ta jawo ba. Koma bayan ya girme ta da kusan shekara ashirin. 'Yan wasan da ake zargi da bin kuɗi kuwa, da gasar Indiya da sauransu za su tafi ko babu CPL. Abin da ita ta yi shi ne dawo da su gida na makonni kowace shekara, yaro a Saint Kitts ya ga gwarzonsa ido da ido. Ko ficewar kulob ɗin Jamaika a ƙarshen 2023, bayan ƙorafin rashin tallafin gwamnati, bai rage yawan kulob ba, tunda Antigua, wadda ita ma ta taɓa ficewa, ta dawo ta maye gurbin.

Batun cewa gajeren wasa yana kashe dogon shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Shamar Joseph, ɗan ƙauyen Baracara a Guyana, wanda ya taɓa aikin gadi, ya shiga kulob ɗin Guyana a 2023 a matsayin mai jefa wa manya ƙwallo a atisaye. Cikin Janairun 2024, da rauni a yatsan ƙafa, ya fitar da 'yan Ostireliya bakwai a Brisbane, West Indies ta ci dogon wasa a ƙasar karo na farko tun 1997. Hukumar da ke fama da aljihu ba za ta iya zagaya tsibirai tana tono irinsa ita kaɗai ba, balle ta ɗauki nauyin gasar mata da CPL ta ƙara a 2022.