Masassaƙan Oye-Ekiti da Ƙofar Majami'a

A shekara ta 1947 ne limaman Katolika biyu na ƙungiyar SMA, Kevin Carroll da Sean O'Mahoney, suka buɗe gidan sana'o'in hannu a Oye-Ekiti, cikin ƙasar Yarabawa a Nijeriya. A wancan zamani, galibin kayan adon majami'u daga Turai ake kawo su, alhali masassaƙan ƙasa, waɗanda suka gaji yi wa fadar sarakuna da wuraren bautar gargajiya aiki, kasuwarsu tana ta ja da baya.

Limaman suka tara masassaƙa da masaƙa, suka ba su labaran Littafi Mai Tsarki, kowa ya fito da su bisa salon da ya gada. Jigon masassaƙan shi ne George Bandele, ɗan shahararren masassaƙin nan Areogun. Ba a gindaya wa kowa sharaɗin sake addini ba, domin almajirin Bandele, Lamidi Fakeye, Musulmi ne. A 1950 aka baje wasu ayyukan gidan a birnin Roma.

Sai dai wasu limamai da mabiya sun ƙyamaci aikin, suna ganin sassaƙar ba ta rabu da tsafi ba. A 1954 aka rufe gidan. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. Fakeye ya sassaƙa ƙofofin majami'u da na manyan gine-gine, kuma daga 1978 ya koyar a Jami'ar Ife. Ya rasu a 2009, ya bar almajirai riƙe da gizago.