Yadda hoton ƙashi ke gano amosanin wuyan hannu tun da wuri

Wuyan hannu na cikin gaɓɓan jiki masu sarƙaƙiya. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne jere a layi biyu, sun haɗu da dogayen ƙasusuwa biyu na hannu, kuma guringuntsi mai santsi ya lulluɓe bakin kowanne domin kada su goge juna. Idan guringuntsin ya fara cinyewa ko gaɓar ta kumbura, shi ne ake kira amosanin gaɓɓai. Mai fama da shi yakan fara jin zafi wajen matse wanki, buɗe kwalba ko riƙe kan babur.

Gwajin farko da likitoci suka fi nema shi ne hoton ƙashi, wato eksire, saboda araha da saurin samunsa. Bajamushe Wilhelm Röntgen ne ya gano wannan haske a shekarar 1895, kuma hannun matarsa na cikin abubuwan da ya fara ɗauka da shi.

Abin da hoton ke nunawa

Guringuntsi ba ya fitowa a hoton ƙashi. Abin da likita ke dubawa shi ne ratar da ke tsakanin ƙashi da ƙashi, domin idan ta ragu, alama ce guringuntsin ya siranta. A amosanin da ke zuwa da shekaru ko yawan aiki, akan ga ƙarin tsiron ƙashi a gefen gaɓa, da kaurin ƙashi a ƙarƙashin guringuntsi. Gindin babban yatsa na cikin wuraren da ya fi kamawa.

Amosanin rumatoid kuwa garkuwar jiki ce ke far wa gaɓɓai, kuma ya fi kama mata. Yakan taɓa hannaye biyu lokaci guda, shi ya sa ake ɗaukar hoton dama da hagu a kwatanta. Alamunsa na farko su ne kumburin nama, raguwar ƙarfin ƙashi kusa da gaɓa, sannan ƙananan zaizaya a gefen ƙashi, musamman ta ɓangaren ƙaramin yatsa.

Tsohon rauni

Amosanin wuyan hannu da yawa daga tsohuwar faɗuwa yake samo asali. Wanda ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi yana iya karya wani ɗan ƙashi da ke gindin babban yatsa, ya ɗauka targaɗe ne, a ja masa a ɗaure. Jini ba ya isa wannan ƙashi sosai, don haka yakan ƙi haɗewa, bayan shekaru gaɓar ta lalace. Wani lokaci karayar ba ta fitowa a hoton farko, shi ya sa ake maimaitawa bayan kwana 10 zuwa 14. Haka nan idan jijiyar da ta ɗaure ƙashin da maƙwabcinsa ta tsinke, ana sa majinyaci ya dunƙule hannu a ɗauki hoton, domin ratar ta bayyana.

Iyakar hoton

Hoto mai kyau ba ya nufin babu cuta. A watannin farko na rumatoid, kumburin yana cikin nama ne, ƙashi bai taɓu ba tukuna. Idan gaɓa tana sandarewa da safe fiye da minti 30, ko kumburi ya ɗauki makonni, likita kan ƙara da gwajin jini da hoton sikanin ko na MRI, waɗanda ke ganin kumburi da wuri. Duk da haka hoton farko yana da amfani, domin da shi ake auna ci gaban cutar nan gaba.

Ɗaukar hoton ba ta wuce 'yan mintoci, babu zafi, kuma hasken da ke shiga jiki kaɗan ne ƙwarai. Ana cire agogo da awarwaro, mai juna biyu kuma ta sanar da ma'aikaci tukuna. Manyan asibitoci na yin sa, haka ma asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Dala a Kano, Igbobi a Legas da kuma Enugu. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, amma magani da wuri kan rage ɓarnar, ya bar wa mutum hannun da zai ci gaba da neman abinci.