Gigin Tsufa a Ƙasar Autan Bawo: Daga Zaure Zuwa Ɗakin Bincike

Tun zamanin da Rano, Autan Bawo, take cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ana ce musu sarakunan baba saboda rini, mutanen wannan ƙasa, har zuwa Kibiya da ƙauyukanta, sun san wani hali da ke riskar dattijo in shekaru suka yi nisa, wanda suke kira gigin tsufa. Sai a ga mutumin da ya haddace iyakar kowace gona da nasabar kowane gida ya sha fura yanzu, sa'an nan ya yi ƙorafin an bar shi da yunwa, ko kuwa ya ɗauki fartanya ya nufi gonar da aka daɗe da sayarwa.

Malaman zaure ba su ɗauki wannan abin kunya ba, domin Suratun Nahli da Suratul Hajji sun ambaci shekarun da ilimi ke kuɓuce wa mai shi, fiƙihu kuma ya hukunta cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa taklifi. Saboda haka al'ada ta tsayu a kan birrul walidaini: a yi masa rubutu, a ba shi zuma da habbatus sauda, a kuma sa jika, wanda dama akwai wasa tsakaninsu, ya riƙa bin sawunsa, ya komo da shi gida da lallashi.

Amma sababin cutar ya daɗe a ɓoye. A 1906 likita Alois Alzheimer na Jamus ya bayyana irin lalacewar da ya gani a ƙwaƙwalwar wata majinyaciya, kuma a 1919 Río-Hortega na Sifen ya siffanta maikurogiliya, wato ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa, waɗanda aikinsu share datti ne, amma in suka harzuƙa suka ƙi lafawa sai su haddasa kumburin da ke cutar da jijiyoyi. Da yake ba a iya ɗebo su daga kan mai rai cikin sauƙi, bincike ya yi ta jan ƙafa, har Shinya Yamanaka na Japan ya nuna a 2007 cewa ana iya mayar da ƙwayar fatar mutum ƙwayar asali, wato wadda za a iya rainon wasu nau'o'in ƙwayoyi daga gare ta. Daga 2016 kuwa masana suka fara rainon maikurogiliya daga irinta a ɗakin bincike, suna gwada magunguna a kansu.

Nazarin da aka soma a 1992 tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ya gano cewa cutar ta fi ƙaranci ga tsofaffin Yarabawa fiye da baƙaƙen Amurka, alamar cewa gado da abinci da zamantakewa duka suna da tasiri. Wajibi ne, ke nan, jami'o'inmu su shigar da dattawan Rano da Kibiya cikin wannan bincike da yardarsu, mu kuma mu riƙe tarbiyyar rainon iyaye, domin har yau babu maganin da ke warkar da cutar, kuma jinƙan iyali shi ne mafi girman abin da majinyaci ke dogaro da shi.