Asalin Kalmar Alƙalami

Almajirin da ya ke feƙe karansa don rubuta allo ba zai yi zaton sunan abin da ya ke riƙe da shi ya fito daga bakin Yunanawa ba. Amma yawancin masanan harsuna sun tafi a kan cewa alƙalami jikan kalmar nan ce tasu, kalamos.

A wurin Yunanawa na dā, kalamos ba ta nufin abin rubutu tun farko. Ma'anarta kara ne mai rami, irin na bakin rafi, dangin kyauro. Herodotus, marubucin tarihi na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce yawancin gidajen birnin Sardis da wannan kara aka yi su, shi ya sa da wani soja ya cinna wa gida ɗaya wuta, garin duka ya kama. Daga nan sunan ya bi duk abin da a ke yi da karan: sarewa, kibiya, sandar kamun kifi, har da sandar awo. Saboda haka ɗalibin da ya ci karo da kalmar a littafi, tilas ya duba abin da ke gabanta da bayanta kafin ya fassara. In ya gan ta tare da tawada, kamar yadda Aflatun ya haɗa su a littafinsa Phaedrus, to, alƙalami a ke nufi.

Bayan Iskandari ya ci Masar a shekara ta 332 kafin haihuwar Annabi Isa, karan Yunanawa mai tsagaggen baki ya riƙa ture ɗan burushin da marubutan Masar su ka saba da shi, sannu a hankali. Rumawa su ka ari sunan, su ka ce calamus.

Inda gardama ta ke shi ne wajen Larabci. Malaman lugga na Larabawa sun danganta ƙalam da aikatau ƙalama, watau yanke ko feƙewa, kuma maganar tana da daɗin ji, tun da ya ke ba a rubutu da kara sai an feƙe shi. Arthur Jeffery kuwa, a littafinsa na 1938, ya lissafa ta cikin kalmomin aro, ya ce ta biyo ta wani harshe na maƙwabta ne. A ganina hujjarsa ta fi ƙarfi, domin Yunanawa sun riƙe kalmar da ma'anar kara tun kafin ta zama sunan abin rubutu. Wannan kuwa bai rage wa kalmar daraja ba ko kaɗan, ga shi sura ta 68 ta Alƙur'ani da ita a ka sa mata suna.

Waswahili sun ce kalamu, Turkawa kalem. Hausawa su ka ɗauke ta tare da al ɗin Larabci manne a gabanta, kamar yadda su ka yi wa alƙali da aljihu, su ka ƙara wasali a ƙarshe, su ka yi mata jam'i irin nasu, alƙaluma.