Nauyin kuɗin jinyar sankarar jini ga matasa a Jihar Kano

Nauyin kuɗin jinyar sankarar jini shi ne bashi, asarar dukiya da yankewar sana'a da mai cutar da iyalinsa ke fuskanta a lokacin magani da kuma bayan samun sauƙi. A binciken cutar daji, rukunin matasa ya ƙunshi masu shekaru 15 zuwa 39, wato lokacin da mutum ke karatu, ko kafa sana'a, ko fara riƙe iyali. A ƙananan hukumomin Dawakin Kudu, Kura da Bunkure na Jihar Kano, inda gidaje da yawa suka dogara ga noma, jinyar kan shafi kuɗin shigar gida gaba ɗaya.

Cutar da tsawon maganinta

Sankarar jini ta haɗa da lukimiya, wadda ke farawa a ɓargo, da limfoma, wadda ke kama kaluluwa, da miyeloma, wadda ta fi kama dattawa. Maganin lukimiya mai saurin yaɗuwa da ake kira ALL yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3. Limfomar Hodgkin tana cikin waɗanda aka fi warkewa daga gare su, kuma maganinta na watanni ne. Mai lukimiyar CML kuwa yana shan ƙwayar magani kullum tsawon shekaru masu yawa. Ko bayan cutar ta lafa, ana ci gaba da gwajin jini da ganin likita don gudun dawowarta.

Inda kuɗin ke tafiya

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. A ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da shi a baya, gidan da kuɗin magani ya cinye fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake kashewa ya shiga mawuyacin hali.

Mazauna wannan yanki sukan nemi magani a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 a kan titin Zariya. Bayan kuɗin magungunan sankara, akwai na gwajin ɓargo, ƙarin jini, maganin ƙwayoyin cuta, gado, mota da abincin mai jinya. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira daga watan Yuni na shekarar sun ƙara tsadar sufuri da magungunan da ake shigowa da su daga waje.

A Kura da Bunkure, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga ƙarƙashin aikin Kadawa, shinkafa, alkama, tumatir da albasa suna da lokacin shuka da ba ya jira. Matashin da ya kwanta a lokacin dashe ya rasa amfanin zangon. Iyalai sukan sayar da dabbobi, injin ban ruwa ko babur, ko su jinginar da gona. Idan majinyacin ya tashi, sai ya tarar da bashi, ga jarin da zai biya da shi ya tafi. Gajiya da raunin jiki bayan magani sukan hana shi komawa aikin ƙarfi da wuri. Rashin kuɗi yana cikin manyan dalilan da ke sa majinyata yanke magani tun bai ƙare ba, abin da ke ba cutar damar dawowa.

Hanyoyin rage nauyin

Tun 2003, shirin GIPAP na kamfanin Novartis da Gidauniyar Max ya fara ba masu CML a Najeriya maganin imatinib kyauta ta hannun Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Shirin ya tsawaita rayuwar mutane da yawa, amma tsawon shekaru majinyata daga Arewa sai sun yi doguwar tafiya zuwa Jihar Osun, kuma su ke biyan kuɗin mota da masauki.

A 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin sayar da wasu magungunan sankara a farashi mai rahusa a asibitocin koyarwa bakwai, ciki har da na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A 2021 aka fara Asusun Tallafin Masu Cutar Daji a asibitoci shida, na Zariya ne ke wakiltar Arewa maso Yamma. Asusun ya fara ne da sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, ba tare da sankarar jini ba.

A watan Mayun 2022 aka sanya hannu kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa tare da tanadin asusu don masu ƙaramin ƙarfi. Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA da asusun lafiya na KHETFUND. Mafi yawan manoma da masu ƙananan sana'o'i ba su da albashin da za a riƙa cire gudummawa daga ciki, don haka shigar da su ya fi na ma'aikatan gwamnati wuya.

Taimakon al'umma

Ban da gwamnati, majinyata suna dogara ga dangi, adashi, ƙungiyoyin manoma, neman taimako a masallatai da gidajen rediyo, da Hukumar Zakka da Hubusi ta jihar, wadda aka kafa a 2003. Ba da jini kyauta daga 'yan uwa da masu sa kai yana rage wani ɓangare na kuɗin. Irin wannan taimako ya fi zuwa lokacin da mutum yake kwance a asibiti, sai ya ragu bayan an sallame shi, alhali a lokacin ne bashi ke jiran biya kuma gwaje-gwaje ke ci gaba. Saboda haka masu nazarin lafiyar al'umma ke ba da shawarar a haɗa tallafin magani da kuɗin mota, da kai magani asibitocin da ke kusa da majinyata, da jarin sake kafa sana'a ko komawa makaranta ga matasan da suka warke.