Daga Layin Mai a Abuja Zuwa Tarihin Ɗumamar Duniya

Da yawanmu ba mu manta da watan Oktoba na 2022 ba, lokacin da ambaliya ta shanye hanyar Lokoja, tankokin mai suka maƙale, muka yi ta kwana a layin gidajen mai a nan Abuja. Ambaliyar shekarar ta ci rayuka sama da 600 a faɗin ƙasa. An saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ga kuma mamakon ruwan sama, wanda masana suka ce ɗumamar duniya ta ƙara masa ƙarfi.

To, yaushe aka gano wannan ɗumamar? Tun 1824 wani Bafaranshe, Joseph Fourier, ya lura cewa iskar da ta kewaye duniya tana riƙe zafi kamar bargo. Rana tana gasa ƙasa, ƙasa ta mayar da zafin sama, wasu iskoki su tare wani kaso. Ba don bargon nan ba, da duniya ta daskare.

A 1856 Eunice Foote, wata Ba'amurkiya, ta nuna cewa iskar kabon tana ɗaukar zafi fiye da iskar da muka saba shaƙa. John Tyndall ya tabbatar da haka a Landan a 1859. A 1896 Svante Arrhenius na Suwidin ya lissafa cewa ƙaruwar kabon za ta ɗumama duniya, kuma ya san ƙona kwal yana ƙara ta.

Charles Keeling ya fara auna ta a tsibirin Hawai a 1958, ya samu kusan 315 cikin miliyan. Kafin zamanin masana'antu kusan 280 ce, yau ta haura 420. Fetur, kwal, gas da sare daji su ke ƙara wa bargon kauri. Iska kuwa idan ta ɗumama tana ɗaukar tururi mai yawa, shi ya sa ruwa kan zubo da ƙarfi lokaci guda.

Najeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021, amma doka ba ta yashe kwalbati. Mu riƙa bibiyar hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa duk shekara, mu sanar da 'yan'uwa manoma a gida, mu daina zuba shara a magudanar ruwa da gini a kan hanyarsa. Wanda ya sare itace ya dasa wani. Allah ya kiyaye mu.