Nukiliya: Tarihin Da Ke Ƙofar Gidanmu



In aka ce nukiliya, Hiroshima muke tunawa, alhali muna da namu tarihin. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Saharar Aljeriya. Da ta ƙi dainawa, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta a Janairun 1961. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom, makamashin tashoshin nukiliya, a Arlit ta Nijar. Faransa ta haskaka biranenta da shi, Nijar kuwa na sayen wuta daga Nijeriya.

Daga nan Tsiga, Zariya ba nisa. A Jami'ar Ahmadu Bello aka kunna tukunyar nukiliyar bincike a 2004, mai ƙarfin kilowat 30. Ba ta ba gari lantarki, ƙasar noma da ma'adinai ake aunawa da ita.

A taron Dubai na 2023, ƙasashe sama da 20 sun ƙuduri ninka lantarkin nukiliya sau uku kafin 2050. Ke nan za a ƙara neman yuraniyom, mu kuwa injin niƙanmu na shan dizal. Kafin a ƙulla sabon ciniki, mu rubuta wa mutanenmu wa ya sha haske, wa ya sha ƙura.